Sharhi: Me ya sa kwaɗo kaɗai ba ya tsare motar kat-kat a Diffa?

Duk shekara idan ruwan Komadugu ya fara ja baya, abu biyu ne ke faruwa lokaci guda a jihar Diffa. Buhunan jan tattasai na fitowa daga gonakin Gueskerou da Chetimari da sauran garuruwan bakin kogi zuwa kasuwa, sannan kogin da ya raba Nijar da Najeriya ya fara komawa wurin da za a iya ratsa shi da ƙafa, daga baya ma da mota.

Ga mai Hilux ko Land Cruiser, wannan ne lokacin samu, kuma shi ne lokacin kwana da ido ɗaya. Motar da ke ɗauko kaya daga inda kwalta ba ta kai ba, ita ce kuma motar da ɗan fashi da mai tayar da ƙayar baya suka fi buƙata.

Matasa da dama a Diffa da Maine Soroa da N'Guigmi sun zuba duk abin da suka tara a cikin mota ɗaya. Wasu kuma 'yan'uwansu ne da ke Libiya ko Saudiyya ko Turai suka haɗa kuɗi suka saya musu, domin gida ya samu abin dogaro. Idan motar ta tafi, jarin dangi ne ya tafi.

Tambayar da aka fi yi a gareji da shafukan sada zumunta ita ce: wace na'ura ce ta fi hana sata? Abin da ya faru a yankin cikin shekaru goma da suka wuce na nuna cewa tambayar ta yi gaggawa. Kafin a zaɓi na'ura, sai an san wane irin ɓarawo ake tsoro, domin maganin wani ba ya yi wa wani aiki, wani maganin ma yana iya jawo asarar rai.

Me ya sa ido ke kan kat-kat?

Jihar Diffa na da babbar hanyar kwalta guda ɗaya, wato hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi ta Damagaram da Maine Soroa da Diffa ta ƙare a N'Guigmi. Da zarar ka sauka daga kanta, ko ka nufi kudu wajen fadamun Komadugu, ko gabas wajen Toumour da Bosso, ko arewa wajen N'Gourti da rijiyoyin man Agadem, rairayi ne da laka. Ƙaramar mota ba ta zuwa.

Dokar ta-ɓacin da gwamnati ta kafa a watan Fabrairun 2015, bayan harin da Boko Haram ta kai Bosso da Diffa ranar 6 ga watan, ta ƙara wa kat-kat daraja. An haramta hawa babur, abin da ya raba dubban 'yan kabu-kabu da sana'arsu, ya kuma mayar da jigilar mutane da kaya kan motoci. An taƙaita cinikin tattasai da kifi da taki da man fetur. A rahoton da ta fitar a 2017, ƙungiyar Oxfam ta ƙiyasta cewa kafin rikicin, busasshen tattasai da bandar kifi na kawo wa yankin kusan miliyar 28 na sefa a shekara. Da aka sassauta dokar tattasai a 2017 da ta kifi a 2019, mai a-kori-kura ne ya zama gada tsakanin gona da kasuwa.

Sai kuma yanayin motar kanta. Land Cruiser samfurin 70, wadda Toyota ta fara ƙerawa a 1984, da tsofaffin Hilux, an yi su ne domin wahala. Injin gas na 1HZ mai silinda shida ba ya buƙatar kwamfuta kafin a gyara shi, kowane bakanike daga Agadez zuwa Maiduguri ya san cikinsa, kuma kayan gyaransa na ko'ina. Abin da ya sa mai ita ke son ta, shi ne ya sa ɓarawo ke son ta: tana tashi da sauƙi, tana gyaruwa da sauƙi, tana sayuwa da sauƙi.

Makwabta sun daɗe da sanin amfaninta a fagen daga. A 1987 sojojin Chadi sun fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum da motocin a-kori-kura masu ɗauke da manyan bindigogi, har aka laƙaba wa faɗan sunan Yaƙin Toyota. A 2015 ma'aikatar kuɗin Amurka ta tambayi kamfanin Toyota yadda aka yi motocinsa suka cika hannun ƙungiyar IS a Siriya da Iraƙi. Ko a arewacin Nijar, gano zinariya a Djado a 2014 da jigilar baƙin haure zuwa Libiya sun buɗe wa irin waɗannan motoci wata kasuwa mai zafi, inda ba kasafai ake tambayar takarda ba.

Abin da shekaru goma suka nuna

Idan aka jera manyan hare-haren yankin, za a ga mota na cikin labarin kusan kowane lokaci.

Ranar 3 ga Yunin 2016, mayaƙa sun mamaye Bosso, suka kashe sojoji sama da 20, suka kwashi makamai da motoci. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kimanin mutum 50,000 ne suka tsere.

Ranar 22 ga Nuwamban 2018, an far wa ma'aikatan kamfanin Foraco na Faransa cikin dare a Toumour, inda suke haƙar rijiyoyin burtsatse domin 'yan gudun hijira. An kashe mutum 8, kuma rahotanni sun ce maharan sun tafi da motocin kamfanin.

Ranar 26 ga Afrilun 2019, 'yan bindiga sun shiga ofishin ƙungiyar likitoci ta MSF a Maine Soroa, suka ƙona motoci 4. Bayan 'yan watanni ƙungiyar ta rufe aikinta a garin.

Ranar 3 ga Mayun 2020, ISWAP ta kai hari kan sansanin gadar Doutchi, a bakin garin Diffa, sannan ta fitar da bidiyo tana nuna motoci da makaman da ta ce ta ƙwace. Ranar 28 ga Mayun 2021 kuma, hukumomi sun ce da motoci kusan 15 maharan suka tunkari garin Diffa kafin a mayar da su.

Abu uku ke fitowa daga wannan jeri. Na farko, akasarin ranakun sun faɗo ne tsakanin Afrilu da Yuni, lokacin da kogi ya ƙafe ko ya kusa. Komadugu kogi ne na lokaci: ruwansa na zuwa ne daga kogunan Haɗeja da Jama'are, kuma madatsun Tiga da Challawa da ke jihar Kano na da tasiri kan yawansa. Idan ya cika, katanga ne, ko da yake harin Toumour ya nuna cewa katangar ba ta tare kowane mahari. Idan ya janye, motar da aka ƙwace a bakin kogi na iya tsallaka iyaka kafin mai ita ya isa ofishin jandarma.

Na biyu, duk waɗannan motoci suna cikin shinge ne, wasu ma a hannun masu bindiga. Ba rashin kwaɗo ne ya sa aka rasa su ba.

Na uku, motar da aka sace ba ta tsayawa a asarar mai ita. A Mayun 2019, bayan harin da aka kai gidan yarin Koutoukale kusa da Yamai, hukumomi sun ce ɗaya daga cikin motocin maharan an sace ta ne daga MSF kwanaki kaɗan kafin nan. Motarka na iya komawa kan hanya da lambarka a jikinta da wasu mutane a cikinta.

Ɓarayi iri uku, magani iri uku

Na farko shi ne ɓarawon gari. Shi ne mai zuwa cikin dare ƙofar gida, ko ya bi ka kasuwa ko masallaci, ko ya kwafi makulli a wurin wanki ko gareji. Ba ya son hayaniya, kuma lokaci ne babban abokin gabarsa. Duk abin da zai ƙara masa minti goma yana iya sa ya haƙura.

A kan irinsa ne na'urori ke aiki. Ƙarfen kulle sitiyari da na kulle birki da kuloci suna da araha, kuma ana ganinsu daga waje, wanda hakan kansa gargaɗi ne. Makunnin da ke yanke batir yana hana mota yin ko tari. A tsohon injin gas, akwai wata waya guda da ke buɗe wa famfon mai hanya idan an murɗa makulli. Bakanike mai amana zai iya sa mata ɓoyayyen makunni, ta yadda injin zai yi ta juyawa ba tare da ya kama ba. Sharaɗin shi ne kada a sa makunnin inda kowa ke sa nasa, wato ƙarƙashin sitiyari, kuma kada yaran gareji su san wurin.

Kada mai sabuwar mota ya ɗauka ya tsira. A 2023 masana a Ingila sun bayyana yadda ɓarayi ke cire fitilar gaban wasu sababbin motocin Toyota, su jona wata 'yar na'ura da wayoyin ciki, su yaudari kwamfutar motar ta ɗauka makullinta ne ya zo. Motocin da ke tashi da danna maɓalli kuma ana iya janyo siginar makullinsu daga cikin ɗaki. Shi ya sa ko a Landan da Toronto masu manyan motoci suka koma sayen ƙarfen sitiyari irin na da.

Na biyu shi ne ɗan fashin hanya. Shi ba ya fasa ƙofa, tare ka yake yi da bindiga ya karɓi makulli daga hannunka. A nan ƙarfen sitiyari ba shi da amfani, kuma ɓoyayyen makunni na iya zama masifa. Idan mota ta mutu bayan mita ɗari alhali direba na hannunsu, a kansa za su huce. Haka na'urar da ke kashe injin daga nesa ta wayar salula: duk mai motar da ya sa ta, ya kamata ya yi wa kansa alkawarin ba zai danna ba sai ya ji muryar direbansa da yaran mota a wuri mai aminci.

Na uku shi ne mayaƙi. Shi yana zuwa ne da yawa, yana son motar domin aiki ko domin ya ƙona ta, kuma sau da yawa yana haɗawa da mutanen da ke ciki domin kuɗin fansa. Garkuwa da mutane ta zama ruwan dare a ƙananan hukumomin Gueskerou da Toumour da Chetimari da Bosso tun wajen 2018. Babu na'urar da ake sayarwa a kasuwa da za ta tsayar da irin wannan. Abin da ke hannun mai mota shi ne kada motarsa ta kwana inda za a same ta, kuma kada a san ranar da za ta bi hanya.

Na'urar bin sawu: abin da take iyawa da abin da ba ta iyawa

Masu sayar da na'urar bin sawun mota na tallata ta kamar laya. Tana da amfani, amma a san iyakarta.

Na'urar na gane inda take ta tauraron ɗan'adam, amma akasarin waɗanda ke kasuwa da layin waya suke aiko da labarin. A cikin Diffa da gefen kwalta za ta yi magana. Da an nutsa daji inda babu rezo, ko an tsallaka wajen Damasak ko Malam Fatori da layin da ba a buɗe masa aiki a Najeriya ba, sai ta yi shiru. Wanda zai saya ya tambaya: layin wane kamfani ne a ciki, yana aiki a ƙetaren iyaka, kuma tana da batirinta na kanta idan an cire na mota?

Ƙwararrun ɓarayi sun san wuraren da ake ɓoye ta, wasu kuma na yawo da na'urar toshe sigina. Shi ya sa masu motoci da yawa ke sa guda biyu, ɗaya inda za a gani a cire a huta, ɗaya can cikin jiki. Ƙananan maɓallan da ake liƙa wa jaka irin su AirTag kuwa sun dogara ne da wayoyin mutanen da ke wucewa kusa, don haka a cikin rairayin Manga ba su da wanda za su gaya wa. Akwai masu aiki da tauraron ɗan'adam kai tsaye, amma suna da tsada, kuma a yankin da ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci ya kamata mutum ya tuntuɓi hukuma kafin ya ɗora irin wannan kaya a motarsa, kada garin neman tsaro ya jawo wa kansa zargi.

Abu mafi muhimmanci: sanin inda mota take daban, karɓo ta daban. Ɗigon da ke motsi a fuskar waya bayani ne da za a miƙa wa jandarma ko 'yan sanda. Matashin da ya tara abokai suka bi sawu da kansu ya sayi faɗan da ba zai iya ba.

Da ɗan gari akan ci gari

A yankin da kowa ya san kowa, labari ne ke fara tafiya kafin ɓarawo. Wane ne ya san motar za ta tashi da asuba? Wa ya san an sayar da tattasai kuma kuɗin na cikin mota? Wa ya riƙe makulli awa biyu ranar da aka kai ta wanki?

Wannan ba kira ba ne na a zargi kowane direba ko ɗan kamasho. Akasarinsu su ne ke fara shan wuya idan abu ya faru. Magana ce ta rage yawan kunnuwa. A sauya rana da lokacin tafiya. A bi ayari ranar kasuwa maimakon tafiya ɗaya tilo. Kada rana ta faɗi mota na bakin kogi. A tura kuɗin ciniki ta kamfanonin aika kuɗi, a bar ɗaukar su a jaka. Direban da ake biya haƙƙinsa a kan lokaci, aka kuma gaya masa ƙarara cewa ransa ya fi motar, ya fi kowace na'ura tsare dukiya.

Sai batun waya. Matashi ya sayi Hilux, ya ɗauki bidiyo da lambar a fili, da ƙofar gidan da take kwana, ya ɗora a TikTok ko Facebook. Ɗan'uwan da ya aiko kuɗin daga waje shi ma ya yaɗa domin murna. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai kuma darasi daga Darfur. A 2008 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga motocin agaji sama da 200 da aka ƙwace a yankin cikin shekara guda. Abin da ƙungiyoyi da dama suka yi shi ne ajiye fararen Land Cruiser, suka koma ƙananan motoci da bas-bas na haya, waɗanda mayaƙi ba zai iya ɗora wa bindiga ba. Wanda aikinsa bai wuce kan kwalta tsakanin Diffa da Damagaram ba, ya tambayi kansa ko lallai kat-kat yake buƙata. Wanda kuma dole sai ita, fenti mai ɗaukar ido da rubutu babba a jiki na rage mata farin jini wajen mai son ya ɓace da ita cikin sauran.

Takarda, inshora da tarkon mota mai araha

Ranar da aka rasa mota, abin da jami'i zai fara tambaya shi ne lamba. Mutane da yawa sun haddace lambar da ke rataye a gaba, wadda ake sauyawa cikin minti biyar, amma ba su taɓa rubuta lambar shasi da ta inji ba. A ɗauki hotonsu, da hoton takardar mallaka da ta duwan da ta inshora, da hoton duk wani tabo ko walda da ya bambanta motar, a aika wa wani ɗan'uwa ya ajiye. Asalin takardun kada su kwana a cikin mota. Zana lambar shasi a jikin gilasai da wasu manyan sassa na rage ribar mai niyyar wargaza ta ya sayar gunduwa-gunduwa.

A kai rahoto nan take, a kuma karɓi shaidar rahoton a rubuce. A yankin da ake amfani da motar sata wajen kai hari, wannan takarda ce za ta raba mai mota da tuhuma idan an tsinci motarsa a inda bai aike ta ba.

Game da inshora, wadda doka ta tilasta tana biyan ɓarnar da ka yi wa wani ne kawai, ba ta biyan sata. Ko wanda ya sayi cikakkiya ya karanta da kyau: dokar inshora ta CIMA, wadda Nijar ke aiki da ita tare da sauran ƙasashen yankin sefa, ba ta ɗora wa kamfani asarar yaƙi ko tarzoma sai in an yi yarjejeniya ta musamman. A tambaya a rubuce: idan 'yan bindiga ne suka ƙwace ta a hanyar Toumour, za a biya?

Ga 'yan'uwa da ke waje kuma akwai ɗaya gefen matsalar, wato sayen motar da aka sato. A 2022 an sace motoci sama da 100,000 a Kanada, kuma da yawa daga cikin manyan sun bi ta tashar ruwan Montreal zuwa Afirka ta Yamma da Gabas ta Tsakiya. A 2025 hukumar 'yan sandan duniya ta Interpol ta ce wani samame na mako biyu a ƙasashe 12 na Afirka ta Yamma ya gano kimanin motocin sata 150, akasarinsu daga Kanada. Motar da sunanta ke cikin rumbun Interpol ana iya ƙwace ta a kowane shinge, kuma wanda ya saya ne zai yi asara, dillali ya daɗe da cin kuɗinsa. Kafin a biya, a gwada lambar shasin da ke jikin ƙarfe da wadda ke takarda, a duba ko an taɓa wurin da walda ko sabon fenti, a kuma nemi 'yan sanda su bincika. Araha ba ta ado. Kuma duk mai sayen kayan gyara ba tare da tambayar asalinsu ba, ya sani yana ciyar da kasuwar da wata rana za ta ci motarsa.

Inda ƙoƙarin mutum ɗaya ya ƙare

Duk abin da aka lissafa a sama na rage haɗari ne. Dawo da motar da ta riga ta tsallaka kogi aikin hukumomin ƙasashe biyu ne, kuma a nan ne siyasa ta shigo.

Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 dangantakar Yamai da Abuja ta yi sanyi. Takunkumin ECOWAS ya rufe iyaka har zuwa farkon 2024, Nijar ta kammala ficewa daga ƙungiyar a Janairun 2025, sannan a Maris ɗin shekarar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta yankin Tafkin Chadi, ta mayar da hankalin dakarunta na Diffa kan aikin da ta kira Nalewa Dole, wanda ya haɗa da tsaron wuraren man fetur. Kowace ƙasa na da hujjarta. Amma ɗan fashin da ke tsakanin Gaidam da Maine Soroa ba ya neman biza, kuma jama'ar ɓangarorin biyu dangi ne masu cin kasuwa ɗaya, har naira ta daɗe tana yawo a Diffa kamar sefa.

Akwai abubuwan da ba sai an jira sulhun manya ba. Jandarmomin Diffa da 'yan sandan Yobe da Borno na iya samun hanyar musayar lambobin motocin da aka sace cikin sa'o'i. Ƙungiyoyin direbobi na tashoshin Diffa da Maine Soroa da N'Guigmi, waɗanda suka fi kowa sanin motocin yankin, na iya buɗe rajistar lambar shasi da hoton kowace mota, da zaure guda na WhatsApp domin shela. Hukumar gari na iya ware filin kwanan motoci mai fitila da masu gadi a kan kuɗi kaɗan. Masu sayar da tsofaffin kayan gyara kuma a buƙaci su riƙa rubuta daga wa suka saya.

Najeriya ta gwada rajistar motoci ta intanet a hannun 'yan sanda, amma a Yulin 2024 aka dakatar da tilasta ta bayan ƙorafin jama'a kan kuɗi da tsoron karɓar na-goro a hanya. Darasin shi ne rajistar da za ta yi aiki sai ta kasance mai sauƙi, mai araha, kuma mai mota ya ga amfaninta ranar da ya shiga uku.

Haka batun rakiyar sojoji da aka wajabta wa baƙi da ƙungiyoyin agaji a lokuta daban-daban tun bayan kisan Koure na Agustan 2020. Tana iya kare ayarin manya, amma ɗan kasuwar tattasai ba shi da ita, kuma idan ƙungiyoyi suka rage zirga-zirga ko suka tattara kayansu, kamar yadda Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta yi a 2025 bisa umarnin gwamnati, masu ba su hayar motoci da direbobinsu ne ke komawa neman lodi a hanyoyin da suka fi haɗari.

Kafin kogi ya ƙafe

Mai kat-kat a Diffa ya sayi ƙarfen sitiyari, ya sa ɓoyayyen makunni, ya sa na'urar bin sawu idan da hali. Za su raba shi da ɓarawon gari, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ya sani cewa a bakin Komadugu abin da ya fi tsare mota shi ne bakin da ya yi shiru, hanyar da aka sauya, wurin kwanan da aka zaɓa da takardar da aka adana.

Idan kuma duk da haka aka tare hanya aka nuna bindiga, a miƙa makulli, a sauka a hankali, hannu a fili. Ana sake sayen mota. Uwar da ke jiran direba a gida ba Hilux ta haifa ba.